Tarin Baffa Tami

Sarƙar hana santsi ta tayar hagu ta ƙi ɗauruwa. Huia ta durƙusa cikin caɓin ƙanƙara a gefen hanyar da ke hawa dutsen Ruapehu, yatsunta sun sandare, tana jan ƙugiyar tana zagin wanda ya ƙera ta ƙasa-ƙasa. Motocin masu zuwa wasan sulu a kan ƙanƙara sai wuce ta suke yi, kowacce da katakai ɗaure a samanta. Ta ji gilashin motarta na sauka, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, rufe tagar nan."

"Kaka nake gaisarwa."

"Kaka zai ji ka ta gilashi. Rufe."

Haka mutanensu ke kiran dutsen, Kaka, kuma ba da wasa suke yi ba. Mahaifinta Eru ya rufe tagar yana gunaguni a cikin takunkumi. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana kayar da raguna yana yi musu aski, yau ga shi naɗe cikin bargo biyu, 'yarsa na ba shi umarni kamar ɗan yaye.

Ciwon dajin jini ne ya kama shi tun farkon hunturu. Huia ta ajiye aikinta na kanti a garin Whanganui ta koma gidansa, ita ke kai shi asibiti a ɗaura masa ruwan magani, ita ke riƙe masa roba in amai ya taso. Yanzu saura zagaye ɗaya a gama, likita kuma ya ce alamu suna da kyau. Sai dai maganin ba ya bambance abokin gaba da na gida. Ya kashe ciwon, ya haɗa da garkuwar jikin, har ta kai murar da za ta sa wani atishawar kwana biyu tana iya kai Eru kushewa. A cikin wannan hali ya tashi wata safiya ya ce shi fa sai ya je ya ga Kaka da farar hularsa.

Huia ta ƙi, ya daina cin abinci. Da ta gaji ta kai ƙara wurin nas ɗin da ke kula da shi, tana sa ran a taya ta hana shi. Nas ɗin ta dube shi ta ce ya je, amma da sharaɗi: ya tsaya a fili inda iska ke kaɗawa, kada ya shiga taro, kada ya cire takunkumi, in jikinsa ya yi zafi a juyo asibiti ba tare da tsayawa ko'ina ba. Sannan ta ƙara da cewa ban da hongi. Ita ma 'yar gida ce, ta san nauyin abin da ta faɗa, domin a wurinsu gaisuwa ba ta cika sai an haɗa goshi da hanci an shaƙi numfashi ɗaya. Eru ya ce wato so ake ya riƙa ɗaga wa mutane hannu daga nesa kamar mai korar ƙuda. Nas ta ce haka ɗin take so.

Da sarƙar ta ɗauru suka ci gaba da hawa. Dajin ya yi ta gajarcewa har ya ƙare, baƙaƙen duwatsu suka fito, daga nan sai fari ta ko'ina. Tun makon jiya rediyo ke cewa tafkin da ke bakin dutsen ya ɗauki zafi, ana ɗan jin girgiza a ƙasa, kuma ga allunan gargaɗi a bakin kwazazzabai suna cewa in an ji jiniya a gudu kan tudu. Huia ta wuce su ba ta ko karanta ba. Dutsen da ke iya amayo wuta bai dame ta ba ko kaɗan, ita atishawa take tsoro. Ta tsara komai a ranta: za ta ajiye mota can ƙarshen fili nesa da jama'a, ya fito ya taka dusar ƙanƙara, ya faɗa wa Kakansa abin da zai faɗa, su sha shayin da ta zo da shi a fulas, su sauka kafin yamma.

Suna shiga filin ajiye motoci ta hango wata koriyar bas mai lotsattsiyar ƙofa. Nan take ta gane ta. Duk yankin babu mai irin wannan akwalar sai mutum ɗaya. A gefenta akwai mutum biyar ko shida na dangi suna bubbuga ƙafa don sanyi, a tsakiyarsu kuma wani dogon tsoho da baƙin kwat, ya juya musu baya yana kallon ƙololuwa.

"Baba, me Baffa Tami yake yi a nan?"

Eru ya ce dutsen ai ba na mutum ɗaya ba ne. Ta kashe mota ta juyo ta kafe shi da ido, har ya gaji ya amsa cewa ya yi waya da Ripeka, matar Tami, kuma ita ta shirya komai.

Duk wanda ya tashi a danginsu ya san labarin. Tami ne babba, Eru ƙane. A al'adarsu ƙane ba ya miƙewa ya yi jawabi a dandalin gida matuƙar wansa na zaune a wurin. Ranar jana'izar mahaifiyarsu baƙi suka iso, Tami ya kasa tashi don kuka ya ci ƙarfinsa, shirun ya yi tsawo, sai Eru ya miƙe ya yi magana. Shi a ganinsa ya rufa wa gida asiri ne. Da aka zo layin gaisuwa ya miƙa hancinsa ga wansa, Tami ya kau da fuska a gaban kowa da kowa. Lokacin Huia tana budurwa, yanzu ga furfura ta fara leƙo mata, kuma tun daga ranar ko a hanya suka haɗu kowa sai ya sami abin kallo a wani gefe. Taurin kai a gidan nan gado ne, kuma an raba shi daidai.

"Shi ya ce zai zo," in ji Eru. "Ya ce abin da ya hana ni, yau zai ba ni."

Kafin ta buɗe baki Tami ya sunkuya ya dafa bas ɗin. Ko da gilashi a rufe ta ji tarin, mai zurfi, mai jiƙe, irin wanda ke tasowa daga ƙasan ƙirji ya ƙi ƙarewa. Ya daɗe yana yi kafin ya miƙe ya share baki da hankici.

Huia ta ce za su juya yanzu-yanzu. Ta tuna masa maganar nas, ta tuna masa daren da aka kwantar da maƙwabcin gadonsa a asibiti saboda jikarsa ta yi masa atishawa a fuska, da yadda aka zo aka naɗe katifar bayan 'yan kwanaki. Ta ce saura zagaye ɗaya, ɗaya tak, bayan duk wahalar da suka sha. Eru ya saurare ta har ta gama, abin da bai saba yi ba. Sannan ya ce in ya tsaya daga nesa ya ɗaga hannu, kowa zai ce ramuwa ya hawo dutse ya yi, kuma Tami ba zai sake miƙo fuskarsa ba har abada.

"To bari in gaya masa dalili."

Ya kama wuyan hannunta. Hannun ya rame, amma riƙon na mai askin tumaki ne har yanzu. "Ko kalma ɗaya ban yarda ba. Ban zo nan a tausaya mini ba. Kin ji ni, Huia?"

Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba, shi ma ya lura da haka. Ta ce ya zauna ya sa takalmansa na ƙanƙara, ita za ta je ta fara gaisar da manya kamar yadda ya dace, ta fita ta rufe ƙofa kafin ya sami amsa.

Iska ta mare ta da warin farar wuta. Tana tafiya ƙafafunta na nutsewa cikin ƙanƙara. Inna Ripeka ta taho da hannuwa a buɗe, Huia ta ja da baya ta tsaya. Duk abin da ta shaƙa a nan, da shi za ta koma motar da mahaifinta ke ciki.

"Ikon Allah," in ji Ripeka. "Birni ya cinye miki hanci ne, 'yar nan?"

Wani daga cikin 'yan'uwan ya yi dariya, sauran ba su yi ba. Huia ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, amma ta dake ta ce tana son magana da Baffa shi kaɗai. Tami ya dube ta daga sama har ƙasa, ya zagaya bayan bas ɗin, ta bi shi ta tsaya nesa kaɗan. Ya tsufa fiye da yadda ta zata, kwat ɗin ma kamar na aro a jikinsa, sai dai hankalinta ba a nan yake ba.

Ta faɗa masa komai a gurguje. Ta ce jinin mahaifinta ba shi da sauran abin kare kansa, ta ce numfashi ɗaya ya isa. Ta tambaye shi ko akwai mai mura a gidansu. Ya ce jikoki uku ne kwance, gidan kamar asibiti.

"Shi ya aiko ki?"

"Hana ni ya yi, Baffa."

Tami ya fara dariya, dariyar ta koma tari, ta ƙara ja da baya ba tare da ta shirya ba, ya kuma gani. Da ya sami numfashi ya tambaye ta, ba tare da kwana-kwana ba, ko abin zai iya kashe Eru. Ta ce zai iya. Ta roƙe shi ya fito fili ya bayyana wa kowa dalili, don kada a ce an sake wulaƙanta juna.

"Ke ba ki san ubanki ba ne? In na ce don lafiyarsa na fasa, wuyana zai kamo ya manna hancinsa a nawa, ko da zai faɗi a wurin." Ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar dutsen, inda wani siririn tururi ke tashi yana bajewa. Sannan ya juyo gare ta. "Kin san abin da kika roƙe ni kuwa?"

Ta ce ta sani. A lokacin ta yi imani ta sani ɗin.

Muryar Ripeka ce ta katse su, tana kiran sunan Eru da irin jan muryar da ake tarbar wanda ya daɗe bai zo gida ba. Huia ta zagayo da gudu. Mahaifinta ya riga ya fito, ya yi rabin filin, yana dogara sanda. Takunkumin na rataye a haɓarsa. Ya cire hula don girmamawa, kansa ba gashi ko ɗaya, yana sheƙi cikin hasken ƙanƙara. Dangi suka dare suka ba shi hanya. Ta so ta yi ihu, ta so ta shiga tsakani ta tare shi da jikinta, amma ta tsaya inda take. Abin da za ta iya yi ta riga ta yi, sauran yana hannun wani tsoho da bai taɓa sauraron kowa ba.

Tami ya fito ya tsaya. Eru ya matso, ya mayar da sanda hannun hagu, ya miƙa na dama, ya ɗan sunkuyar da goshi. Tururin numfashinsu na fita fari, iska na kwasar na Tami tana kai shi gefe. Huia ta kafa wa tururin ido. Saura taku kaɗan.

Tami ya zura hannuwansa biyu cikin aljihun kwat.

"Tsaya nan, ƙane."

Eru ya tsaya da hannu a miƙe. Ripeka ta rufe baki da tafin hannu. Wata daga cikin matan ta sunkuyar da kai, domin ta ga irin wannan da idonta a da.

"A nan?" in ji Tami da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Tsakanin motocin haya da yaran Turawa masu jifa da ƙanƙara? A gida na kau da fuska, a gaban uwarmu. A gida zan mayar da fuskar. Je ka gama shan gubarka, ka zo da rani, in gashinka ya tsiro. Ni ba na haɗa goshi da ƙwai."

Babu wanda ya san ko dariya za a yi ko kuka. Eru ya sauke hannunsa a hankali. Ya dubi wansa, ya daɗe yana dubansa, bai ko kalli inda Huia take ba, wannan kuwa ya fi tayar mata da hankali fiye da harara.

"Da rani," ya ce.

"Da rani."

"To, Yaya."

Tami ya juya ya fuskanci dutsen, ya ce tunda an wahala an hawo, bai kamata a bar Kaka ba gaisuwa ba. Ya ce shi muryarsa ta tafi, ƙanensa ya yi magana, yana saurare. Sai ya nemi bakin ƙofar bas ɗin ya zauna. Kowa a wurin ya gane abin da zaman nan yake nufi, Ripeka kuwa ta fashe da kuka a fili.

Eru ya gyara tsayuwa. Muryar da ta fito ba ta kai rabin wadda Huia ta sani ba, amma ba ta karye ba. Ya gaida dutsen, ya gaida kogin da ke gangarowa daga gare shi, ya kira matattunsu ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan mahaifiyarsu. Sannan ya gaida wansa da cikakken sunansa. Wasu masu wasan sulu suka tsaya kallo, ɗaya ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Ripeka ta yi masa wani kallo da ya sa ya mayar da ita aljihu. Huia na tsaye a gefe tana lura da inda iska ke kaɗawa, tana jin haushin kanta da ko a irin wannan lokaci abin da take yi ke nan.

Kafin ya gama gajimare ya fara saukowa ya haɗiye ƙololuwar. Aka yi shela ta lasifika cewa iska na ƙaruwa, za a rufe hanya, kowa ya fara sauka. Huia ta mayar wa mahaifinta takunkumi da hula, bai hana ta ba. Ripeka ta ajiye ƙunshin soyayyen burodi a kan bonet don kada ta matso kusa, wato ita ma an raɗa mata. Aka yi sallama daga nesa, ana ɗaga hannu.

Sun shiga daji, sun cire sarƙa, sun ci gaba da gangarowa, Eru na kallon waje ta taga. Huia kuwa wani sanyi take ji a ranta irin wanda ta manta da shi tun farkon hunturu. Ta tsallake da shi. Ba wanda ya taɓa shi, an shirya, har an sa rana. Ta fara lissafin yadda za ta kai shi gida da rani, wace riga zai sa.

"Kin gaya masa," in ji Eru.

Ta ce ta gaya masa, kuma ko gobe aka sake za ta sake. Ta ce ya yi fushi da ita iya son ransa, in dai yana raye yana fushin. Ta ce ai ba a rasa komai ba, rani kamar gobe ne.

"Huhunsa ne," ya ce, idonsa na kan hanya. "Ciwon daji ne kamar nawa, amma nasa ya riga ya gama da shi. Likitoci sun sallamo shi ya koma gida. Ya hana a gaya wa kowa, Ripeka ce ta kasa riƙewa ta faɗa mini a waya. Tami ba zai ga rani ba, Huia. Ya sani, na sani. Abin da bai sani ba shi ne na sani."

Motar ta ɗan karkace, ta dawo da ita kan layi. Ta tuna kwat ɗin da ke lilo a kafaɗunsa, da tambayar da ya yi mata a bayan bas. Ta tambayi mahaifinta me ya sa bai gaya mata tun a gida ba.

"Da na gaya miki, da kin bar ni?"

Ta so ta ce e. Ta nemi e ɗin a ranta ta rasa. Jikokin nan uku suna nan kwance da mura, ko Baffa zai ga rani ko ba zai gani ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, a ƙarƙashin kunyar da baƙin cikin, sanyin nan na ɗazu yana nan bai tafi ba.

"Da ban bar ka ba," ta ce.

"To."

Ta ce za ta tsaya a gefen hanya ta tare su, in ya so ya yi abin da ya ga dama, ba za ta ƙara cewa komai ba. Ita kanta ba ta san ko da gaske take ba. Eru ya girgiza kai. Ya ce mutum ya yi maka kyauta irin wannan a gaban jama'a, ba ka tare shi a kan titi ka mayar masa. Ya miƙa hannu ya karkato madubin tsakiya zuwa wajensa. Can baya, tsakanin itatuwa, koriyar bas ɗin na biye da su da fitilu a kunne.

"Rage gudu," ya ce. "Bar su su matso."

Ta rage. Haka suka gangaro har garin Ohakune, a hankali kamar masu rakiya, layin motoci na taruwa a bayansu. A mararraba hanyar Whanganui ta yi dama, ta gidan Tami ta yi hagu. Bas ɗin ta zo ta gefensu ta karya kwana, Huia ta hango baƙin kwat a kujerar gaba, fuskar na kallon gaba, hannu ɗaya a manne da gilashi. Eru ya bar madubin ya juya da dukkan jikinsa yana bin ta da kallo har ta shige bayan shagunan bakin hanya.

Titin dama babu kowa. Na bayansu ya danna hon, wani ma ya taya shi. Huia na riƙe da sitiyari tana jira, don mahaifinta bai juyo ba tukuna.